Kindirmon Kofi

Har gobe ban manta da safiyar da Malam Nasiru ya fara leƙo kicin ɗinmu ba. Farin yadi ne a jikinsa, hularsa ta ɗan karkace, hasken taga ya kwanta a gefen fuskarsa. Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya na kasuwa sun cika mini kai, har akwai guda a aljihun rigar aikina. Na ce a raina, to ga shi nan, ya fito daga cikin shafi. Albasar da nake soyawa ta kusa ƙonewa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina mataimakiyar mai dafa abinci a wani gidan saukar baƙi na gwamnati a Malali, kuma ina cikin lokacin gwaji. Ga ku da ba ku san tsarin ba: sabon ma'aikaci ba ya zama cikakke sai shugabansa ya shaidi aikinsa an tabbatar da shi. Kafin nan, kuskure guda a gaban manya ya isa a ce ka koma gida. Shugabar kicin Hajiya Ladidi ce, mace mai faɗa wadda ta tsufa a bakin murhu. Shi kuma Malam Nasiru sabon jami'in tarbar baƙi ne, ta bakinsa saƙon ofis yake iso mana.

Ya gaishe da Hajiya, ya ce, "Babban Sakatare zai yi baƙi ranar Alhamis. Ya ce bayan abinci a kawo kindirmo, amma na kofi yake so."

Ya juya ya tafi. Hajiya ta riƙe haɓa.

"Kindirmo da gahawa? Ikon Allah! Boko ya kai mutanen nan inda ya kai su. Ke Rakiya, ai ke kika yi makarantar girki. Naki ne."

Ban ce mata ba a koya mana ba. Na ga dama ce ta samu: a tabbatar da ni, shi kuma mai farin yadi ya san sunana.

Gwajin farko na dafa gahawa na tuttula a kan kindirmon da ya riga ya kama. Nan take ya tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe. Hajiya ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Wannan ko akuyar maƙwabta sai an roƙe ta." Na koma gida ina tunani a motar haya, sai na gane ashe sai an haɗa su tun kindirmon yana madara, kafin kowa ya yi taurin kai. Washegari na tari matan Fulanin da ke kawo mana madara daga Rigachikun. Na tafasa ta, na dama garin gahawa da sukari a ciki tana da zafi, na tace. Na bar ta ta huce har yatsa zai iya zama ciki ba ƙuna, sannan na zuba iri, wato ɗan tsohon kindirmo mai kyau. Na rufe, na naɗe da bargo, ya kwana. Da safe ya kama kamar hanta, launinsa ruwan ƙasa mai haske, ƙanshin ya cika kicin. Hajiya ta ɗanɗana. Ta sake kai cokali. Wanda ya san ta ya san wannan yabo ne.

Ranar Alhamis na juye shi a babban kwanon tangaran, na ɗora ludayi. An gama cin abinci Malam Nasiru ya shigo da sauri, ya tsaya cak.

"Ina kofunan? Kuma me ya same shi ya yi wannan kala?"

"Na kofi ka ce, ranka ya daɗe."

"E mana, na kofi! Kowa da kofinsa! Wancan karon a kwano ɗaya aka kawo, ludayi ya ɗiga wa wani baƙo a riga."

Sai a lokacin muka gane. Mu mukan ja kalmar in abin shan ruwa muke nufi, mu datse ta in gahawa ce. Shi a Legas ya tashi, duk ɗaya yake faɗarsu. Babu wani kindirmon a gidan, ga baƙi suna jira. Na hango kaina ina naɗe rigar aikina.

"Wa zai yi wa Oga bayani?" in ji shi, yana kallona. Ba irin kallon littafi ba ne.

Hajiya ta gyara ɗaurinta. "Yaro, matsa. Ni na ji saƙo, ni na ba da umarni. Rakiya, jera kofuna."

Muka zuba, ta ɗauki tire da kanta, ina bin bayanta. Ta rusuna a gaban Babban Sakatare ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ce na kofi. Ba mu san wanne ba, sai muka yi maka duka biyun."

Ya dubi kofin, ya shinshina, ya kai cokali baki. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga tebur. Ba zan yi muku ƙarya ba, dattawa biyu sun ture nasu, ɗaya ya ce shi a bar masa nono yadda Allah ya yi shi. Amma Oga ya shanye, ya nemi ƙari, ya tambayi wa ya haɗa.

"Yarinyata ce," in ji Hajiya. "Tana gwaji."

"Ai ta gama," ya ce.

Ba a daɗe ba aka tabbatar da ni. Malam Nasiru ya san sunana, amma 'yar kawunsa ya aura, mu muka yi girkin walimar. Na yi kuka kaɗan a kan albasa, ya wuce.

Shi ya sa har na yi ritaya nake ce muku, ku yaran kicin, ku maimaita wa mai saƙo saƙonsa kafin ku kunna wuta. Kuma in kun zama manya, ku riƙa ɗaukar tiren da kanku.

Hajiya Ladidi da ta bar aiki ta sayi firji, ta riƙa yin kindirmon nan a gidanta na Unguwar Kanawa, har sunanta ya koma Hajiya Mai Kofi. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ita ta ƙirƙiro shi, ni kuma ban taɓa musa mata ba. Har ta rasu ba ta yarda ta ɗaura shi a leda ba. A kofi take zubawa, wai don kada a sake samun saɓani.