Ranar da Aka Kwantar da Ciyaman a Jirgin Tsere

Wata rana, a wani gari na bakin babban tafki, wata tsohuwa ta sauko daga kwalekwale da tabarma a naɗe a hammata, fuskarta a murtuke.

Sunanta Inna Tasalla, ungozoma ce.

Ƙauyensu tsibiri ne a tsakiyar ruwa. Sunan tsibirin ya kwanta mini, ku yi mini uzuri. Na dai riƙe cewa akwai tsamiya a mashigarsa, kuma kifinsu yana da maiƙo.

Asibiti mafi kusa da su yana tsallake. A kwalekwalen 'yan kasuwa tafiyar awa biyu ce, in ruwa ya kwanta ke nan.

Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama, sai a ɗora ta a kan buhunan busasshen kifi a kama hanya, Inna Tasalla na durƙushe a gefenta.

Wasu suna kaiwa. Wasu ba sa kaiwa.

To, 'ya'yan tsibirin da ke aiki a birni sun kafa ƙungiya, sun yi karo-karo don a sayi jirgi mai gudu saboda marasa lafiya. Suka ji labarin wani ɗan kwangila da ya gama aikinsa ya tafi, ya bar jirage biyu na hannu, irin na tsere, a wurin wani makanike mai suna Iliya. Abin da suka tara zai sayi ɗaya, ko wanne suka zaɓa.

Ba wanda ya gayyaci Inna Tasalla. A bakin mata masu wanki ta ji cewa yau za a zaɓa.

Ta iske su a bakin ruwa, maza bakwai cikin manyan riguna, turare yana tashi.

Ga jiragen nan a ɗaure gefe da gefe.

Ƙaramin ja ne, siriri, hancinsa kamar mashi. Ƙafa ashirin da ɗaya, ko da biyu, ban riƙe ba. Kujeru biyu a gaba, ɗan benci a baya, sauran wurin duk inji ya cinye.

Babban fari ne da ya soma dafewa, fentinsa ya ɓare a gefe ɗaya. Ya fi ɗan'uwansa tsawo da kamar kamu huɗu, kuma a gabansa akwai ɗan ɗaki mai rufi.

Duk mazan suna kewaye da ja.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Bawa, wanda kowa ke ce wa Ciyaman, yana shafa hancin jirgin kamar mai taya doki.

"Malam Iliya, ka ce wannan ya fi gudu?"

"Ya fi, ranka ya daɗe. Kuma bai kai babban shan mai ba."

"To me muke jira? Mai ciwo gudu yake so."

Sakataren ƙungiya ya yi dariya. "Kuma bana a bikin ruwa mutanen tsibirin gabas za su ga ƙura a kan ruwa. Shekara uku suna wuce mu suna ɗaga mana hula."

Inna Tasalla ta ji wannan maganar da kunnenta.

Ashe har da tsere a cikin lissafin.

Ta yi sallama. Ta tattare zanenta, ta taka cikin jan jirgin, ta warware tabarmarta.

Tabarmar ba ta shimfiɗu ba. Rabinta ya hau kan benci, rabi ya naɗe a ƙarƙashin kujerar direba.

Ta juya ta a karkace. Haka dai.

Ta naɗe, ta fito, ta shiga farin. A ɗan ɗakin nan na gaba tabarma ta kwanta sumul, har da sauran wurin da mutum zai durƙusa.

Ta leƙo kai. "Wannan za a saya."

Mazan suka dubi juna. Ɗaya ya rufe baki da hannun riga.

Ciyaman ya yi murmushi irin na manya. "Inna, sannu da hanya. Wa ya wahalar da ke har nan? Ai da kin bari mun kawo miki shi har gida kin sa albarka."

"Bawa."

Shekara da shekaru ba wanda ya kira shi haka tsirara, ba Alhaji ba Ciyaman. Murmushin ya ragu.

"Bawa, a ina mai naƙuda za ta kwanta a cikin wancan?"

"Sai ta zauna a benci, Inna. Minti ashirin ne fa an kai. Babban nan sai ya yi kusan talatin."

"Ta zauna."

"Ta ɗan daure."

"Ta daure."

Sakatare ya sa baki. "Inna, harkar inji ce wannan. Mun yi bincike, har a waya mun duba. Ke dai ki taya mu da addu'a."

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai ɗan gidan Mai Taru ne ko? Da ƙafa ka zo duniya. Yini guda na yi ina juya ka. A waya na duba?"

Aka kwashe da dariya. Sakatare ya shiga gyaran hularsa da ba ta karkace ba.

Ita ba ta yi dariya ba.

Sau nawa ta faɗa musu? Duk sallar da suka zo gida sai ta tare su a gindin tsamiya ta ba su labarin yadda ake haye ruwan nan da mace tana zubar da jini. Su ce Allah ya kyauta, su damƙa mata goro da turmin atamfa, su koma.

Ta juya ga Ciyaman.

"Na ji. Ku sayi ja. Amma abu ɗaya nake roƙo, tun da ni na yanke maka cibi."

"Faɗi, Inna."

"Ai za ku gwada jirgin kafin ku biya?"

"Dole."

"To kai ne mai naƙudar. Ka shiga ka kwanta yadda za ta kwanta, ni kuma in zauna inda zan zauna. Iliya ya kai mu tsibiri da irin gudun da kuke yabo. In ka kai, na yi shiru har in mutu."

Wurin ya ɗauki shewa. Wani ya ce, "Ciyaman, cikin ma Allah ya hore maka, ba sai an ɗaura ƙunshi ba."

Alhaji Bawa mutum ne mai son a ce yana da sauƙin kai. Ya ga an ɗaga wayoyi ana ɗauka. Ya tuɓe babbar riga, ya miƙa wa Sakatare hula, ya shiga yana dariya.

Ya gwada kwanciya a benci, ƙafafunsa suka yi waje. Ya sauko ƙasa tsakanin benci da kujeru, ya lanƙwashe a gefe ɗaya, gwiwoyi a ƙirji, kai jingine da bangon jirgi.

"Ga shi na kwanta, Inna. Ina matsalar?"

Ta ɗosana a bakin benci, ƙafafunta a kan cinyarsa don ba wani wurin.

Lokacin an yi azahar, iskar yamma ta fara tasowa. Wanda ya san tafkin nan ya san yadda yake yi a irin wannan lokaci, ruwan sai ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Iliya ya dubi tsohuwar. Ta gyaɗa masa kai.

Ya ba jirgin wuta.

Jirgi ya ɗaga hanci ya tashi. Gaskiya Iliya bai yi ƙarya ba, abin yana gudu. Kafin ka ce me, mutanen bakin ruwa sun koma kamar tururuwa.

Sai suka shiga tsakiya, inda igiyar ruwa take.

Ƙaramin jirgi ba ya yanka igiya, tsallake ta yake yi. Ya tashi sama, ya faɗo tim. Ya sake tashi, ya sake faɗowa.

Duk faɗowa ɗaya, ƙashin bayan Ciyaman ne ke karɓa. Kansa yana bugun bango. Ruwa ya watso ya jiƙa masa fuska.

Dariya ta ɗauke.

"Iliya, rage kaɗan."

"Kar ka rage," in ji Inna Tasalla. "Jini take zubarwa."

Tim.

"Inna, bayana."

"Daure. Minti ashirin ne."

Ya miƙo hannu yana neman abin kamawa, ya cafki zanenta. Ita kuwa hannayenta biyu suna kan ƙarfen gefe, don in ta saki ɗaya ruwa za ta faɗa.

"Ka ga hannuna, Bawa? Da wanne zan riƙe ta? Da wanne zan tari ɗan in ya taho?"

Tuwon da ya ci da rana ne ya amsa, a kan rigarsa ta ciki.

"Tsaya. Don Allah, Iliya, tsaya."

Iliya ya kashe wuta. Jirgi ya lafa yana lilo. Ko rabin hanya ba su yi ba.

Makaniken ya duba agogo, ya ce a hankali, "Minti bakwai."

Sannan ya ƙara da abin da bai faɗa a bakin ruwa ba, don ba wanda ya tambaye shi. "In da mara lafiya a ciki, ranka ya daɗe, dole a tafi a hankali. In kuwa aka tafi a hankali, babban zai riga shi kaiwa. Shi nauyinsa yana danne ruwa."

Suka juyo sannu-sannu.

A bakin ruwa sai da mutum biyu suka kama Ciyaman ya fito. Aka sauke wayoyi. Aka kawo masa buta ya wanke fuska, ya mai da babbar riga a kan jiƙaƙƙiyar ta ciki.

Ya daɗe a zaune a kan wata tsohuwar taya, hannu a ƙugu.

Da numfashinsa ya dawo, sai muryar shugabanci ta dawo tare da shi.

"Jama'a, na yi nazari. A matsayina na shugaba, ina ganin babban ya fi dacewa da bukatar al'ummarmu."

"Haka ne, Ciyaman."

"Hangen nesa ke nan."

Har da mai tafi.

Inna Tasalla tana gefe tana naɗe tabarmarta. Ya taso yana ɗingishi ya same ta, ya rage murya.

"To Inna, kin yi nasara. Sai ki saki fuska."

Ta ɗago ta dube shi. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Shekara goma sha ɗaya ina faɗa maka da bakina, ba ka ji ba. Bayanka ya faɗa maka a minti bakwai, ka ji."

Ta sa tabarmar a hammata, ta ci gaba.

"Kai da ka ce a tsaya, an tsaya. Cikin matan da na haye ruwan nan da su, Lantana ta ce a tsaya. Gambo ta ce a tsaya. Matar Ɗan'asabe har rantsuwa ta haɗa ni da ita in bar ta ta mutu a kan ƙasa. Kande ba ta ce komai ba, hannuna kawai ta riƙe."

Kande ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana birni lokacin. Abin da aka gaya masa a waya shi ne ta rasu wajen haihuwa, kuma bai taɓa tambayar a ina ba.

"A ruwa ne, Inna?"

"Muna hango rufin asibitin."

Ya koma ya zauna a kan tayar.

Sakatare ya matso da takardar ciniki da biro, ya ga fuskarsa, ya ja da baya.

Aka ce wa tsohuwar ta jira a kai ta gida a sabon jirgi, ita ce za ta fara shiga. Ta ce akwai mai wata tara da ta baro tana ciwon mara tun safe, ba ta da lokacin biki.

Sai Iliya ya kwance farin jirgin ba tare da ya jira sa hannun kowa ba, ya ce, "Shigo, Inna. Takarda ta same mu a can."

Ta shiga. Ba ta waiwayo ba.

Darasi:

'Yan'uwa, abin da ya ɓata mini rai a labarin nan ba zaɓen ƙaramin jirgi ba ne. Kowa yana kuskure. Abin haushin shi ne maza bakwai masu ilimi sun zauna yanke shawara a kan wahalar da ko ɗayansu bai taɓa ɗanɗana ba, alhali wadda ta yi shekaru tana cikinta ba su ga ta isa a kira ta ba.

Kafin ka saya wa mutane abu, ka tambayi wanda zai kwanta a ciki da wanda zai durƙusa a gefe. In sun faɗa maka, ka yarda tun da baki. Kada ka jira sai jikinka ya shaida, domin kafin nan an binne wasu.

Ka tura wa duk wanda ka san yana cikin wani kwamiti. In kai ne a ciki, ka karanta sau biyu kafin ka tura.