Lambar Auta

Injiniya ake ce masa, ko da yake takardar da ke cikin akwatinsa ta difloma ce, shi ma kuma da bakinsa yakan faɗa idan aka cika kambama shi. Shekara goma sha bakwai ya yi a kamfanin da ke kai wa mutane tukunyar gas har gida. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, babu taga, sai na'urori jere a kan ƙarfe suna ƙyafta fitilu, da sanyin da ya sa yake yawo da rigar sanyi ko a watan da kowa ke neman inuwa. 'Yan ofis suna tsokanarsa, wai kifi ne da aka manta a firji.

Aikinsa ba mai wuyar faɗa ba ne. Wayoyin kamfanin duk ta intanet suke bi. Kafin murya ta iso, kowane kira yakan aiko da ɗan saƙo a gaba, kamar ambulan, ɗauke da lambar mai kira da ta wanda ake kira. Injiniya ya jona kwamfuta a inda kebul ɗin ke wucewa, tana leƙa kowane ambulan, ta tsinto lambar ta miƙa wa masu amsa waya. Kafin tsohuwa ta gama sallama, sunanta da layin gidanta sun fito a allo. Tsofaffi da yawa sun ɗauka duba ake yi a kamfanin.

Abin takaicin, mutumin da ke tsinto lambar dubban baƙi bai san lambar ƙanensa ba.

Su biyu Inna ta haifa, shi da Auta. Auta ya tafi karatu wata ƙasa, karatun ya gagara, takardun zamansa suka ƙare. Ran da labarin ya fito fili, Injiniya ya karɓe wayar daga hannun Inna, ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa, ya rufe da cewa idan babu takardar shaida kar ya ƙara taka gidan. Cikin fushi ya faɗa, kuma a daren jiyansa ma da an tambaye shi ba zai ce zai iya faɗar haka ba. Auta kuwa ya riƙe maganar gam. Ya canza gari, ya canza layi. Shekara tara kenan.

Bai daina kiran Inna ba dai. Wata ɗaya, wata biyu, babu rana tsayayya, wayar da Injiniya ya haɗa mata a falo sai ta yi ƙara, fuskarta babu lamba. Idan Inna ta ɗauka su yi ta hira har shayinta ya huce. Idan muryar Injiniya ce, ƙit, a kashe.

Injiniya ya san yadda zai yi ya samo lambar. Kamfanin da ke kawo musu kiran waje yana da sakaci: yakan shafe lambar a bayan ambulan, ya bar ta kwance a ciki. Aikin minti goma ne. Sau ɗaya ya taɓa kawo wa Inna maganar, ta ajiye tsefewar da take yi ta dube shi.

"Tarko za ka ɗana wa ɗan'uwanka?"

"Ba tarko ba ne, Inna. Lamba ce kawai."

"Ran da ya ji ka kira shi, ya san an bi sawunsa, ni ma ya daina kirana. Kai ka kore shi, ka bar min ɗan abin da ya rage."

Bai ƙara ba. Maganar ta yi masa ciwo, don gaskiya ce.

Sai ciwon ƙoda ya kama Inna. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya fita ranta, amma idan Auta ya kira sai ta gyara murya ta ce lafiyarta ƙalau, har da dariya. Ran da likita ya ja Injiniya gefe ya ce duk wanda ya kamata ya zo a kira shi, ran nan ya saɓa wa Inna. Ya ɗauko tsohuwar kwamfutarsa, ya jona ta tsakanin wayar da akwatin intanet, ya tura ta ƙarƙashin kujera ya rufe da ɗankwali. Kira ɗaya kawai yake buƙata, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba.

A ofis, don kada kwamfuta ta cika, ya saba sa ta riƙe saƙonnin kwana uku kacal, sabo yana shigowa yana danne tsoho. Bai taɓa cutuwa da hakan ba, tunda kullum da safe yake dubawa. Yatsunsa suka buga wannan umarnin kamar yadda suka buga shi shekara goma sha bakwai, ko tsayawa tunani bai yi ba. Ai kullum bayan an tashi daga aiki yana biyowa gidan Inna.

Ranar Litinin jikin ya rikice, aka kwantar da ita. Injiniya ya tare a asibitin. Shi ne sayen magani, shi ne neman jini, shi ne juya ta idan gefe ɗaya ya gaji. Matarsa ke kawo masa kayan canji a leda. Gidan Inna aka datse shi da kwaɗo. Yakan tuna da kwamfutar, sai ya ce a ransa tana can tana aikinta, bari jikin ya ɗan lafa.

Ranar Juma'a da yamma maƙwabciyar Inna, mai ɗinki, ta zo dubiya da lemo a jaka. Har ta yi sallama ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo.

"Af, Injiniya, na so in manta. Wayar nan taku ta dame ni ranar Talata. Ta yi ta ƙara, ta tsaya, ta sake, har sau huɗu."

"Talata? Da wane lokaci, Baba?"

"Da hantsi. Ina cikin yankan wani yadi."

Bai san sanda ya bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin gado ba. A cikin tasi yake ƙirga awoyi da yatsu, ya ƙirga ya sake ƙirgawa, ko lissafin zai tausaya masa. Ya buɗe gidan, ya durƙusa, ya jawo kwamfutar. Tana aiki lafiya lau, abin da aka ce ta yi shi ta yi. Fayil mafi tsufa ya fara ne daga Talata ƙarfe biyar na yamma. Abin da ya danne kiran Auta ba wani abin kirki ba ne, ɗan saƙon nan ne da wayar ke aika wa kamfani kowane minti tana cewa tana nan a kunne. Dubbansu, layi bayan layi.

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Sannan ya gyara umarnin, ya ce ta riƙe komai, ya koma asibiti.

Inna ta ga idonsa. "Ina ka je haka ba takalmi?"

"Gida. Auta ya kira ranar Talata."

Fuskarta ta washe, sannan ta sauya. "Bai same ni ba," ta ce. "Zai ɗauka fushi nake."

Ta ƙara kwana shida. Kowace rana yakan tsere gida ya duba, ya dawo. Ta daina tambayar abinci, ta daina tambayar lokaci, amma duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai.

Bayan wata guda da rasuwarta, wata Asabar da rana, Injiniya na falon yana ɗaure kwanukanta a kwali, mai gidan da take haya yana son ɗakinsa. Wayar ce kaɗai bai cire ba. Ta yi ƙara. Kwamfutar na buɗe a kan kujera, kafin ƙara ta biyu lambar ta fito tsaf, guda goma sha biyu, har da ta ƙasar.

Ya ɗauka. "Auta, don girman Allah kar ka kashe."

Ba a kashe ba. Yana jin numfashi, da ƙarar motoci a can nesa.

"Yaya," muryar ta yi kauri, ba wadda ya sani ba. "Ba ni Inna."

Injiniya ya buɗe baki, abin ya ƙi fita. Shirun ne ya isar da saƙon. Ya ji ƙanensa yana salati a hankali, yana maimaitawa.

"Yaushe?"

"Yau kwana talatin cif."

"Na kira... wata Talata na kira, ba a ɗauka ba. Na ce ko ta je unguwa."

"Tana asibiti. Na so in same ka, Auta, wallahi na so. Ni na yi kuskure."

Auta bai tambayi wane kuskure ba. Ya daɗe yana kuka, Injiniya na riƙe da wayar da hannu biyu.

"Yaya, ta neme ni?"

"Kullum," in ji Injiniya. "Har ranar ƙarshe."