Ittoop da Yatsan Waliyyi Toma

Mutanen wannan ƙauye na bakin teku a Kerala masunta ne. Suna da coci, suna da siffar katako ta Waliyyi Toma, wanda Kiristocin Indiya suka riƙa a matsayin waliyyin ƙasarsu. Mai fenti ne ba su da shi. Iskar gishiri tana cin launin siffar, hannuwan jama'a suna cinye saura, don babu mai fita teku bai shafi yatsan waliyyin ba.

Ittoop, mai gyaran kwale-kwale, shi ya ɗauki aikin ba wanda ya sa shi. Tun kansa yana baƙi har ya yi fari fat, kullum da safe sai ya goge siffar da tsumma kafin ya gangara bakin ruwa. In damina ta kawo bikin waliyyin, ya dama fenti a ɓawon kwakwa ya sabunta yatsan.

Wata shekara dattawan coci suka sayo akwatin gilashi, a rufe siffar a huta da lalacewa. Ranar jajibirin biki Ittoop ya gama fenti, ana jira ya bushe a kulle. Sai ga wata yarinya, Rosili, ta shigo jiƙe sharkaf. Jirgin mahaifinta bai dawo ba tun da hadari ya taso.

"Kaka, zan taɓa wa Baba," ta ce wa Ittoop.

"Ke, ja baya!" in ji Kuriakose, shugaban dattawan. "Ba ki ga ɗanye ne ba?"

Ittoop ya goge hannu a zanensa, ya ɗaga ta sama. Ta damƙe yatsan, fenti ya dame.

"Yaya, lafiyarka kuwa? Gobe fa biki!" in ji Kuriakose.

"Fentinka ne ko nawa?" in ji Ittoop. "Kuriakose, tun kana yawo ba wando kake dangwalar yatsan nan, ni nake goge majinarka. Waliyyin da ya ce ba zai yarda Ubangijinsa ya tashi daga matattu ba sai ya taɓa shi da hannunsa, shi za ka kulle kada a taɓa shi?"

Matan da ke dafa kunun shinkafa na biki suka kwashe da dariya, har Kuriakose ya kasa riƙe tasa. Ba a kulle siffar ba, a cikin akwatin gilashin nan ake ajiye kyandir yanzu. Washegari wani jirgi ya jawo na mahaifin Rosili, inji a mace, mutane lafiya lau. Da aka zo yi wa Ittoop barka, cewa ya yi, "Ni fenti kawai na sani."

Ittoop, bana tsufa ya sa hannunka ya soma rawa, ka ajiye burushi. Kai ne ka yarda aikinka ya lalace kowace shekara ba ka taɓa yin tsaki ba. Kai ne ka bar wa masunta waliyyinsu a inda hannu zai kai. Mun gode, Ittoop, muna alfahari da kai. Matasanmu, ɓawon kwakwa yana nan a bayan coci, wani ya zo ya ɗauka.

Rosili kuwa, ranar jajibirin nan ta koma gida da fenti a tafin hannu, ta ƙi wankewa. Ta gane cewa ba don yatsan ya yi kyau Ittoop yake shafa masa fenti ba, don mutane su zo su taɓa ne.