Yaya Mai Zomaye

Yayana tela ne, amma in ka tambayi gidan tela sai a yi ta kallonka. Ka ce gidan Mai Zomaye, ko yaro ya kai ka. Tun muna ƙanana yake kiwonsu. Da ciwon sukari ya taɓa masa ido ya rufe keken ɗinki, su ne suka zama aikinsa da abokan hirarsa. Da lalube yake gane wadda ke da ciki.

A gindin kejin zomayen nan 'yarsa Auta ta tashi, har ta shiga karatun likitan dabbobi. A dogon hutun bana aka zaɓe ta horon bincike, inda ake nazarin ciwon sukari a jikin ɓeraye don a taimaki mutane. Ni dai na ce ikon Allah, ɓeran da nake bi da tsintsiya ne ya samu likita!

Sai ga sharaɗi. Mai shiga ɗakin ɓerayen ba zai zauna gidan da ake kiwon zomo ba, kada ya kwaso musu cuta a tufafi. Na ce ta dawo wurina.

“Gwaggo, wa zai yi wa Baba allura safe da yamma? Ke ko jini ba kya iya gani.”

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Ta ce za ta haƙura, kada in gaya masa. Ni kuwa bakina ba ya riƙe ruwa, kafin la'asar ya ji.

Washegari da ta fita, ya sa na kira maƙwabta. Ɗaya bayan ɗaya yake ciro zomayen yana raba musu, ya shafa bayansu, ya faɗi halin kowanne: wannan ba ta son jiƙaƙƙen ganye, wancan mafaɗaci ne, a ware shi. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na yi da-na-sanin surutuna.

Auta ta dawo ta tarar ana fitar da kejin ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

“Baba, me ka yi haka?”

“An ce ɓerayen nan ciwona gare su,” in ji shi. “To, je ki duba mini 'yan'uwana.”

Yana dariya ya faɗa, amma sai ya shiga laluben gurbin kejin da sandarsa.