Keken Malama Laraba

Wata Asabar da hantsi, a damanar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗora mini ƙwarya cike da ƙwan zabi daga gonarmu ta Kutama, ya ce in wuce gaba mu je ya yi wa malamata godiya. Shekarata goma sha ɗaya. Tun daga ƙofar gida har bayan kasuwar Gwarzo jan ƙafa nake yi, domin na san abin da zai tarar, shi kuwa bai sani ba.

Malama Laraba ce ke koya mana Turanci a firamare. 'Yar kudancin Kaduna ce, da albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata sai ta fara koya wa 'ya'yan ma'aikata kiɗan fiyano a ɗakinta, wasu ɗaliban ma har Kabo take bin su. Ni kuwa kama ni ta yi ina leƙe ta taga da tulu a ka, ta ce in shigo, kuma ba ta taɓa karɓar ko kwabona ba. Ɗan ƙaramin fiyano ne mai cin batir shida. Ta koya mini lanƙwasa yatsu kamar na riƙe lemo, in na danna da ƙarfi ta buge mini hannu da fensir: "Hadiza, ba sakwara kike kirɓawa ba."

Baba malamin Islamiyya ne, ko gaɗa ba ma zuwa, kuma a shekarar nan gangar biki ma da ɗari-ɗari ake buga ta, balle a ce 'yar malam ta zama makaɗiya. Da ya tambayi abin da nake koyo sai na ce wani keke ne mai madannai, da yatsu goma ake danna shi. A wurin Baba keke uku ne a duniya, na hawa, na ɗinki da na rubutu. Ya ce, "Alhamdu lillahi, tafireta ke nan." In na gama shara da surfe na ɗaure awaki, sa'o'ina suna carafke a zaure, ni ina gindin rumbu da katakon da na zana wa madannai da gawayi. Baba yakan tsaya ya kalle ni, ya ce wa Inna a rage mini aiki, sakatariya tana karatu. Har a majalisa ya faɗa. Ina ji, daɗi ya rufe ni, na ja bakina na yi shiru.

Ranar Asabar ɗin, bayan doguwar gaisuwa, Malama ta yaye zanen da ke kan fiyanon cikin murna, ta ce in nuna wa Malam abin da na iya. Ba ta san abin da na faɗa a gida ba. Na zauna, na buga waƙar da na fi iyawa da hannu biyu, ko kuskure ɗaya ban yi ba. Baba ya saurara har ƙarshe, idonsa a ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Ashe kiɗa ne." Ya yi mata godiya, ya bar mata ƙwan. Sai da muka kusa gida ya sake magana: "Ba kiɗan ne ya fi yi mini ciwo ba. Wata bakwai kina kallona ina yabonki." Bai doke ni ba, bai ma hana ni ba, ni ce na kasa komawa. Kafin kaka Malama ta kwashe kayanta ta koma garinsu, kamar yadda baƙi da yawa suka yi a shekarar saboda fargaba, kunya ta hana ni zuwa mu yi sallama.

Yau 'ya'yana fiyanonsu a waya yake, suna dannawa a gaban kowa, ba mai ɗaga kai. In na ji su zuciyata ƙuna take yi. Har Baba ya koma ga Allah bai rage ni da komai ba, amma bai sake yabona a gaban mutane ba. Na yi ta jinkirin ba shi haƙuri, ina ganin akwai sauran lokaci. Ashe babu.