Kaset Ɗin Kawu Mai Gurmi

Ƙanen mahaifiyata makaɗin gurmi ne, wajen kakanmu ya gada. Waƙoƙin gayya yake yi, masu ɗauke da kirarin manoman ƙauyukanmu na Sule Tankarkar tun na kaka da kakanni. Da gayya ta mutu a wajenmu, sai ya koma zuwa cirani bakin tafkin Chadi yana yi wa masunta kiɗa.

Wani mai sayar da bandar kifi ne ya kawo labarin ran kasuwar Maigatari. Ya ce masu bindiga sun shiga tsibirin da yake zaune, suka tara jama'a, suka tambaya wane ne makaɗin. Ba wanda ya nuna shi, shi ya miƙe da kansa. Gurmin suka fara tattakewa a gabansa, sannan suka harbe shi. Gawa ba mu gani ba. Sallar ga'ib aka yi masa a ƙofar gida, liman a gaba, gabansa ƙasa tsura.

Abin da ya rage wa Inna, kakata da ta haife shi, kaset ɗaya ne da aka ɗauka a wani biki. Kullum bayan la'asar sai ta kunna tsohuwar rediyonta, ta zauna kusa da ita tana tsince wake. Ba ta kuka. Wani lokaci har amshi take yi. Duk sanda na zo daga Gumel, batir ne tsarabata, tana tsokanata wai mijin nata ba ya kawo komai sai batir.

Sai babban ɗanta, yayan marigayin, ya sa baki. Ya ce mata kiɗa zunubi ne, duk kunnawa ɗaya azaba ake ƙara wa mamaci. Ranar na fita daga hayyacina, wallahi. Na ce masa waɗancan sun kashe mutum sun fasa gurmi, shi kuma zai ƙarasa musu aiki? Ya ce ba ni da kunya. Na ce kunyar ke nan ta hana ni faɗin sauran. Na roƙi Inna ta ba ni kaset ɗin in kai a juye shi a waya, ta ce in an juye ai kunnawar ce za ta yawaita.

Ba mugu ba ne kawun nawa, shi ma tsoro yake ji wa ƙanensa. Amma har yau raina bai huce ba.

Inna ta yi kwanaki ba ta taɓa rediyon ba. Da na sake zuwa, na miƙa mata batir, ta ce in mayar. Da hannunta ta jefa kaset ɗin a murhu, ana tuƙa tuwo.

"Ban wanke shi ba, ban sa masa likkafani ba," in ji ta. "Wannan kaɗai zan iya yi masa."

Kirarin manoman nan duka ya tafi, babu wanda ya haddace a gidan. Ni da nake ta kumfar baki ma baiti biyu na riƙe, su ma rabi da rabi.

Zuwa bara Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Ina zaune gefen tabarmarta ta laluɓo hannuna.

"Mai gidan, yaya ma muryarsa take? Siririya ce ko kakkaura?"

Na ce kakkaura ce, Inna. Ta daɗe tana neman muryar a ranta.

"Ba na jin ta," ta ce.