Neman Sunan Mai Rumbu, Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa

Ƙanƙara

Na bar gida ana kiran assalatu, rikoda sabuwa fil a jaka. Wani littafi da muka karanta a kwaleji ne ya hana ni sakat. A cikinsa wani marubucin Rumawa ya ga ana ƙona birninsu, ya tsere da iyalinsa, ya zauna ya rubuta kowane sarki da sunansa da ɓarnarsa. Na ce ai mu ma tsohon ƙauyenmu ya yi mazaje. A shekarar yunwa wani ya fasa rumbunan dagaci ya ciyar da gari, aka tafi da shi bai dawo ba. Mai Rumbu kowa ke ce masa. Sunansa na yanka kuwa, matarsa Iya Tambai kaɗai ta rage da ta sani, ga shi an ce tana kwance a Sabuwa.

Faskari

Akori-kura ta tashi bakwai da kwata, sule biyar kuɗin mota. Kusa da Faskari tirelar siminti ta kafe a kwalbati, muka yi awa biyu cur.

"Direba, babu wata hanya?"

"Malam, in sauri kake, ga ƙafa."

Furar da na saya ma na kasa sha. Gaba kaɗan ɗan sanda ya ce sai na kunna masa rikodar ya ji muryarsa. Na kunna, raina a ɓace.

Sabuwa

Bayan la'asar na isa, na tarar da Iya jingine da bango. Ta cika mini kaset ciki da baya: fara, gawarwaki, ƙarar gatari a jikin rumbu. Amma “shi” kawai take cewa.

"Iya, sunansa fa?"

Matan gidan suka kama baki. Sai a lokacin na tuna mace ba ta kama sunan mijinta, kunya ta rufe ni. Duk da haka na nace.

"Kai ɗan nan, boko ya cinye maka kunya? Shekara sittin ban hwaɗi sunan mutumin nan ba, sai yau don wanga akwati?"

"Iya, in kika tafi da shi, ya ɓace ke nan."

"Ina shi ka ɓacewa? Wurin mai shi zan kai shi."

Gida

Na kwana a zaurensu, washegari da azahar na sauka Ƙanƙara lafiya, godiya ga Allah da mutanen Sabuwa. Sati bai zagayo ba aka aiko Iya ta rasu. Na rubuta labarin duka, shafi goma sha ɗaya. Wurin suna na bar fili, har yau ban cike ba.